Asusun Wise ga Mazaunin Ƙasar Waje: Inda Yake Rage Asara da Inda Bai Kai Ba

Duk wanda yake zaune a Ingila ko wata ƙasar Turai, yana karɓar albashi da fam ko yuro, yana kuma da iyali a gida masu jiran saƙo a ƙarshen wata, ya san cewa kuɗi ba sa tsallaka iyaka ba tare da an gutsure su ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wurin da ake gutsurar. Ido yakan tsaya a kan cajin da aka rubuta ƙarara, fam biyu ko uku, a yi ta ƙorafi a kansa, alhali babbar asarar tana ɓoye a cikin farashin canjin da aka ba mutum, kuma ita ba ta fitowa a kan rasit ko a cikin takardar bayanin asusu. Na daɗe ina amfani da Wise, kamfanin tura kuɗi da canjinsu ta manhajar waya, a rayuwata ta yau da kullum a arewacin Ingila, kuma a kan wannan ɓoyayyar asara nake so in auna shi, domin a nan ne darajarsa take, a nan ne kuma ake yawan zuzuta shi fiye da kima.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan canji a Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja ya san cewa kowane kuɗi farashi biyu gare shi a hannun ɗan canji: yadda zai saya daga gare ka, da yadda zai sayar maka, kuma ratar da ke tsakani ita ce ribarsa. Haka abin yake a manyan kasuwannin kuɗi na duniya, sai dai a can ratar siririya ce ƙwarai, kuma lambar da ke tsakiyarta ita ce ake kira farashin tsakiya. Ita ce lambar da mutum yake gani idan ya tambayi Google nawa fam ɗaya yake a yuro ko a dala. Banki na yau da kullum ba ya ba abokin hulɗarsa wannan lamba. Yakan rage ta da kashi biyu, uku, wani lokaci fiye da haka cikin ɗari, sannan ya sanar da cewa turawar kyauta ce ko cajinta kaɗan ne. A ce farashin tsakiya yuro 1.17 ne a kan fam ɗaya, sai banki ya ba ka 1.135. Idan ka canza fam 1,000, yuro 1,135 zai shigo maimakon 1,170, wato yuro 35 sun tafi ba tare da an ambace su a ko'ina ba. Mai yin haka kowane wata ya yi asarar kuɗin tikitin jirgi mai rahusa a shekara bai sani ba.

Daga wannan matsala aka haifi kamfanin. Kristo Käärmann da Taavet Hinrikus, 'yan ƙasar Estoniya ne da suke zaune a Landan a lokacin. Hinrikus yana aiki da Skype ana biyan sa da yuro alhali fam yake kashewa, shi kuwa Käärmann ana biyan sa da fam alhali yana da bashin gida a Estoniya da ake biya da yuro. Sai suka riƙa musanya a tsakaninsu bisa farashin tsakiya: wannan ya zuba fam a asusun wancan na Landan, wancan ya zuba yuro a asusun wannan na Estoniya, babu kuɗin da ya ketare iyaka balle banki ya sami abin yanka. A 2011 suka mayar da dabarar kamfani mai suna TransferWise, a 2021 aka gajarta sunan zuwa Wise, a shekarar ne kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin 'yan kasuwarmu sun daɗe suna biya a Kano a karɓa a Jidda ko Dubai bisa amana; bambancin shi ne a nan akwai lasisi, akwai rubutu, kuma ana bayyana la'ada tun kafin a yi ciniki.

Har yanzu haka tsarin yake aiki a yawancin hanyoyinsa. Kamfanin yana da asusu a ƙasashe masu yawa. Idan ka tura fam zuwa Jamus, fam ɗinka suna shiga asusunsa na Ingila ta tsarin Faster Payments, shi kuma ya biya mai karɓa daga yuron da yake riƙe da su a Turai. Wannan ne ya sa turawa tsakanin manyan kuɗaɗe take isa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci a yawancin lokuta, kuma ba ta bi ta hannun bankunan tsakani da suke yankar nasu kason a hanya idan an bi ta SWIFT, wato tsarin da bankuna suke bi wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafin da manhajar take nunawa kafin a danna tura. Layi na farko adadin da za ka biya, na biyu cajin kamfanin a fam da fenni, na uku abin da ya rage wanda za a canza, na huɗu farashin canjin, wanda za ka iya buɗe wani shafi ka gwada da na kasuwa a daidai wannan lokaci ka ga sun yi daidai, na ƙarshe kuma abin da zai shiga hannun mai karɓa da lokacin da ake sa ran zai shiga. Tsakanin fam, yuro da dala, cajin yawanci ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari idan an biya ta hanyar tura kuɗi daga asusun banki ko daga kuɗin da ke cikin asusun Wise ɗin kansa. Idan aka biya da katin cirar kuɗi cajin yakan ɗan hau, da katin bashi kuwa ya fi hawa, kuma bankin da ya ba da katin bashin yana iya lissafa shi a matsayin cirar tsabar kuɗi ya ɗora nasa cajin. Manhajar tana jera waɗannan zaɓuɓɓuka da farashin kowanne, don haka wanda ya biya da tsada shi ya zaɓa. Ana kuma riƙe wa mutum farashin da ya gani na wasu sa'o'i, muddin kuɗinsa sun iso kafin wa'adin ya cika.

Asusun yana riƙe nau'in kuɗi fiye da 40, kuma a wasu daga cikinsu yana ba mutum lambar asusu irin ta ɗan ƙasa: lambar asusu ta Ingila, lambar asusun yuro da ake kira IBAN, lambar asusun dala ta Amurka, da wasu. Amfanin wannan ya fi bayyana ga mai aikin da ake biyan sa daga wata ƙasa, kamar mai fassara, mai rubuta manhaja ko malamin da yake koyarwa ta intanet. Idan kamfanin Amurka ya biya shi dala kai tsaye zuwa asusun fam na banki, bankin zai canza su da farashin da ya ga dama a ranar da suka iso, ba tare da ya tambaye shi ba. Idan kuwa dalar ta sauka a asusun dala, tana nan a dalarta har sai mai ita ya ga lokacin da ya dace ya canza, ko ya kashe ta yadda take. Turawar da ta shigo ta hanyar cikin gida, kamar SEPA a Turai, kyauta ake karɓar ta, amma wadda ta shigo ta SWIFT ko ta tsarin turawar bankunan Amurka da ake kira wire akwai ƙayyadadden caji a kanta, kuma ya kamata a gaya wa mai biya hanyar da ake so ya bi.

Koren katin da suke bayarwa shi ne ɓangaren da na fi amfani da shi. Yawancin manyan bankunan Ingila suna karɓar tsakanin kashi 2.75 da 2.99 cikin ɗari a kan duk abin da aka saya da katinsu na yau da kullum da kuɗin da ba fam ba. Wanda ya tafi Umara ya kashe kwatankwacin fam 600 a masauki da abinci da tsaraba, ya biya kusan fam 18 a banza. Katin Wise yana fara duba ko kana da kuɗin ƙasar a asusunka. Idan akwai sai ya cira daga nan ba caji, idan babu sai ya canza daga abin da kake da shi bisa farashin tsakiya da ɗan cajin da aka saba.

Sai dai akwai tarkon da babu katin da zai kare mutum daga gare shi idan shi da kansa ya saka ƙafa. A shagunan da ke kewaye da Harami, da otal-otal, da filayen jirgin sama na ko'ina, idan mai shago ya miƙo na'urar POS takan gane cewa katin na Ingila ne, sai ta fito da tambaya: za ka biya da riyal ne ko da fam? Adadin fam ɗin yana nan a rubuce da manyan lambobi, ga layi a bayanka, ga mai shago yana jira, hannu kuwa yakan tafi ga kuɗin da ya sani. Wanda ya danna fam ya miƙa canjin ga kamfanin da ke bayan na'urar, shi kuma farashinsa yakan fi na kowane banki muni, har ya kan wuce kashi biyar cikin ɗari. A ko'ina mutum yake, kuɗin ƙasar da yake tsaye a cikinta zai zaɓa, riyal a Saudiyya, lira a Turkiyya, yuro a Faransa, ya bar katinsa ya yi canjin. Na'urorin ATM ma suna yin wannan tambaya, wasu da lafazin da ke tsoratarwa, wai idan ka ƙi ba za su iya tabbatar maka da farashi ba. A ƙi ɗin. Game da riyal lissafin yana da sauƙi, domin an ɗaure shi da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka wanda ya san farashin fam a dala ya san abin da ya kamata ya gani.

A wajen cirar tsabar kuɗi katin bai kai yadda nake so ba. Akwai adadin da ake cira kyauta a wata, kuma ba shi da yawa. Idan aka wuce shi caji yana farawa, ban da wanda mai na'urar zai iya ɗorawa nasa. Ga mai zuwa ƙasar da kasuwa ba ta karɓar kati sosai, iyakar takan ƙare tun a makon farko. A wannan fanni bankin Starling ya fi shi, domin ba ya cajin saye ko cirar kuɗi a ƙasar waje, yana bin farashin Mastercard wanda ba shi da nisa da na tsakiya. Monzo ma ba ya cajin saye, ko da yake yana da tasa iyakar a cira. Revolut yana da farashi mai kyau a ranakun aiki, amma a tsarinsa na kyauta yana ƙara wani abu a ƙarshen mako, yana kuma da iyakar canji a wata.

Tambayar da ta fi damun yawancinmu ita ce ta tura kuɗi gida, kuma a nan ne ya kamata a rage ɗoki. Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa Afirka kudu da Sahara ita ce yankin da ya fi tsadar karɓar kuɗi daga waje, inda tura dala 200 yake cin wajen kashi 8 cikin ɗari, alhali matsakaicin duniya yana wajen kashi 6, burin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Najeriya kaɗai tana karɓar wajen dala biliyan 20 a shekara daga 'ya'yanta da ke waje, don haka kowane kashi ɗaya da aka rage dukiya ce mai yawa da za ta isa gidaje. Amma matsalar naira ba ta caji ce kawai ba. Shekaru da yawa farashi biyu ne a ƙasar, na gwamnati da na bayan fage, kuma kafin watan Yunin 2023 ratar ta yi faɗin da dala tana wajen naira 460 a hukumance tana kuma haura 700 a hannun 'yan canji. A irin wannan yanayi alƙawarin farashin tsakiya ba shi da ma'ana, domin duk kamfanin da ya bi farashin hukuma ya jawo wa mai turawa asarar da ta fi kowane caji nesa ba kusa ba. Ga kuma dokokin Babban Bankin Najeriya da suka yi ta sauyawa: a ƙarshen 2020 aka ce a riƙa biyan masu karɓa da dala, a 2021 aka kawo tsarin ba da naira biyar a kan kowace dala da ta shigo, a 2023 aka haɗe kasuwannin canji aka saki naira, a Janairun 2024 kuma aka ce kamfanonin turo kuɗi su koma biya da naira. A cikin wannan kai-komo hanyar Najeriya ta Wise ta sha rufewa da buɗewa, wanda hakan ya sa mutanenmu da yawa suka saba da wasu manhajoji suka zauna a can.

Waɗannan manhajoji, irin su LemFi, Sendwave, Taptap Send, Remitly da WorldRemit, da yawansu suna tallar cewa ba sa karɓar caji ko kaɗan suke karɓa a hanyar Najeriya. Ribarsu tana cikin farashi, wato akasin tsarin Wise ke nan, amma wannan ba ya nufin kullum sun fi tsada. Gasa a kan hanyar fam zuwa naira ta yi zafi, har ratar da suke ɗauka takan yi ƙanƙanta, wasu kuma suna ba sabon abokin hulɗa farashi na musamman a turawar farko. Saboda haka ba na tura naira sai na buɗe manhaja biyu ko uku a lokaci guda, na rubuta adadi ɗaya a kowacce, na dubi layin ƙarshe kawai, wato nairar da za ta faɗa asusun mai karɓa. Wani lokaci Wise ne a gaba, wani lokaci a baya, kuma a ƙananan kuɗi irin na cefane yakan sha kaye saboda ƙayyadadden ɓangaren cajinsa ya fi nauyi a kan fam 50 fiye da a kan fam 2,000. Ya kamata kuma a sani cewa hanyar shiga ce kawai: iyayen da ke Kaduna ba za su iya biyan kuɗin makarantar ɗansu na Ingila da naira ta manhajar Wise ba.

Mai tura yuro zuwa Yamai, Maraɗi ko Damagaram yana da ma'aunin da ɗan Najeriya ba shi da shi. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta hawa ba ta sauka. Yuro 100 sefa 65,595 ne da 'yan kai, a yau da gobe. Duk kamfanin da ya nuna ƙasa da haka, bambancin caji ne ko da bai kira shi caji ba, kuma ba a buƙatar duba kasuwa kafin a gane.

Akwai abin da ya wajaba kowa ya fahimta kafin ya mayar da albashinsa gaba ɗaya can: a Ingila Wise ba banki ba ne. Kamfanin kuɗin lantarki ne da hukumar FCA, mai kula da harkokin kuɗi a ƙasar, take sa wa ido. Doka ta tilasta masa ya ware kuɗin jama'a daga nasa, ya ajiye su a manyan bankuna da takardun lamuni na gwamnati, ba ya kuma ba da su rance. Wannan kariya ce ta gaske, amma ba ita ce inshorar ajiyar banki ta FSCS da ke mayar wa mai ajiya kuɗinsa cikin kwanaki idan banki ya durƙushe ba. Ba shi da reshe, ba a zuba masa tsabar kuɗi, ba ya ba da rance, kuma hulɗa da shi ba ta gina tarihin bashi da baƙo yake buƙata ranar da zai nemi gida ko kwangilar waya. A ganina wurin wucewar kuɗi ne da wurin riƙe na tafiya, ajiyar shekaru kuwa banki mai cikakken lasisi ya kamata ta zauna. Mai gudun kuɗin ruwa ya lura cewa a Ingila tsarin samun riba a kan ajiya da na saka kuɗi a hannun jari zaɓi ne da sai mutum ya kunna da kansa. Wanda bai taɓa su ba kuɗinsa suna nan yadda ya zuba su.

Ƙorafin da aka fi ji a kan kamfanonin wannan fanni baki ɗaya shi ne dakatar da turawa ko rufe asusu na ɗan lokaci don bincike. Dokokin hana halatta kuɗin haram sun tilasta musu tambayar inda kuɗi suka fito, kuma da yake babu ofishin da za a je a zauna da manaja, komai ta saƙo ake yi, jira kuma yakan yi wa mai gaggawa tsawo. Wata ɗabi'a tamu tana jawo wannan bincike ba tare da mugun nufi ba. Mutum ɗaya ne a cikin jama'a ya iya manhaja, sai 'yan adashe su zuba a asusunsa, wannan ya ce Alhaji taimaka ka tura wa Hajiya, wancan ya ce Malam ga na ginin masallaci, kafin wata ya ƙare asusun mai albashin fam 2,000 ya ga shige da ficen fam 9,000 daga mutane goma zuwa mutane goma sha biyar. A idon na'urar da ke sa ido, wannan kamannin sana'ar tura kuɗi ce ba lasisi. Asusun mutum na kansa ne, kuma ƙa'idojin da ya amince da su ranar buɗewa haka suka ce. Wanda zai tura kuɗi masu nauyi, na sayen fili ko na gini, ya tanadi takardun albashi, bayanin asusun banki ko takardar sayar da kadara tun kafin a tambaya, sunan da ke kan asusun da ya biya daga ciki kuma ya zama daidai da wanda ke kan fasfonsa. Idan aka yi saɓani kamfanin bai warware ba, mazaunin Ingila yana da damar kai ƙara ofishin Financial Ombudsman Service, mai sasanta jama'a da kamfanonin kuɗi, kyauta.

Buɗe asusun ba ya cin kuɗi, babu kuma cajin wata-wata. Ana biyan ɗan abu kaɗan sau ɗaya don a aiko da katin roba, ana kuma iya ƙirƙirar katin cikin waya don sayayya ta intanet, a daskarar da shi ko a goge shi idan an gama. Ana neman fasfo ko wata shaidar hukuma, hoton fuska, wani lokaci da shaidar adireshi. Manhajar ba ta da Hausa, kuma dattijon da bai saba da Turanci ko Faransanci ba zai buƙaci wanda zai zauna da shi a karon farko.

Wanda ba zai amfana da shi ba shi ne mai karɓar ladan aikinsa da tsabar kuɗi, da kuma wanda mai karɓar saƙonsa yake ƙauyen da ba shi da asusun banki. Ga waɗannan har yanzu kantunan Western Union da MoneyGram suna da gurbi, domin suna karɓar kuɗi a hannu su bayar a hannu, kuma tsadarsu kuɗin wannan hidima ce. Ko a can ɗin, farashin da suke bayarwa ta manhajarsu yakan fi na kan kanta sauƙi, kuma idan akwai ɗan'uwa amintacce a gari mafi kusa mai asusun banki, tura masa ya cira wurin mai POS ya kai yakan fi araha ko bayan an cire ladan mai POS da kuɗin mota.